Tsohon fim ɗin kaboyi ya dawo da sabuwar fuska

Shekaru 68 bayan fitowarsa, an sake fitar da fim ɗin kaboyin nan na Amurka mai suna The Searchers a kan faifan kallo a gida, bayan wani gagarumin gyara da aka yi masa.

Kamfanin Warner Bros ne ya yi aikin tare da haɗin gwiwar gidauniyar The Film Foundation, wadda daraktan nan Martin Scorsese ya kafa a 1990 domin ceto tsofaffin fina-finai daga lalacewa.

An fara nuna gyararren fim ɗin ne a watan Afrilun 2024, a bikin tsofaffin fina-finai na tashar TCM a Hollywood. A watan Disambar shekarar kuma aka fitar da shi a faifai mai ƙarfin hoto da ake kira 4K.

Fim ɗin, wanda John Ford ya ba da umarni, John Wayne kuma ya fito a matsayin jarumi, ya fara fita ne a 1956. A 2008 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta zaɓe shi a matsayin fim ɗin kaboyi mafi daraja da aka taɓa yi a ƙasar.

Batun dai ya shafi masu kallo a ƙasar Hausa ta fuska biyu. Na farko, labarin fim ɗin labari ne na yarinyar da aka sace da kuma yadda danginta suka ɗauke ta bayan an gano ta. Na biyu, aikin gyaran ya yiwu ne kawai saboda an adana asalin fim ɗin, abin da fina-finan Hausa da dama ba su samu ba.

Kaboyi a Kano

Fina-finan kaboyi ba baƙi ba ne a birnin Kano. Tun a 1937 aka buɗe sinimar Rex, kuma 'yan kasuwa 'yan asalin ƙasar Labanan ne suka daɗe suna riƙe da harkar.

Daga baya aka samu wasu gidajen kamar Palace da Plaza da El Dorado da Orion da Queens, sai kuma Marhaba a unguwar Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni. Akasarinsu fili ne da aka kewaye da katanga, babu rufi, don haka sai duhu ya shiga ake soma haska fim.

A shekarun farko fina-finan Amurka da na Ingila ne suka fi yawa a waɗannan gidaje, kafin na Indiya su mamaye kasuwar daga shekarun 1960, sannan na 'yan Sin masu faɗan kareti su biyo baya.

Fim ɗin kaboyi ya samu karɓuwa ne saboda ba sai mutum yana jin Turanci zai fahimce shi ba. Ga dawaki, ga ƙura, ga satar shanu, ga ramuwar gayya. A garin da ake hawan salla, iya sukuwa da riƙon linzami abubuwa ne da 'yan kallo suka san darajarsu.

Kalmar kaboyi ma ta shiga bakin Hausawa ta zauna, har yara kan haɗa bindiga da kara suna kwaikwayon abin da yayyensu suka gano a sinima. Tsarin da 'yan kallo suka saba da shi kuwa mai sauƙi ne: akwai jarumi, akwai bos, kuma a ƙarshe jarumi zai kashe bos a tashi.

To sai dai kuma hoton da ake gani a allo ya sha bamban da wanda masu fim ɗin suka ɗauka. Zaren fim kan iso ne bayan ya zaga gidajen sinima masu yawa, ya kakkarce, launinsa ya koɗe, wani wurin ma ya tsinke an liƙe shi.

Da kaset ɗin bidiyo ya shigo a shekarun 1980, sai fim ya shiga cikin gida, inda matan aure da 'yan mata, waɗanda al'ada ba ta yarda su je sinima ba, suka samu damar kallo. Amma hoton bai ƙaru da komai ba, domin kaset ne ake kwafa daga wani kaset ɗin da shi ma kwafe ne.

Masanin nan ɗan Amurka Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008 yadda dusashewar hoto da shaƙewar sauti suka zama wani ɓangare na kallon bidiyo a Najeriya, har aka saba da su.

Ke nan mutane da dama sun san labaran irin waɗannan fina-finai, amma ba su taɓa ganin ainihin hotonsu ba.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

Labarin The Searchers ya soma ne a jihar Texas a 1868, shekaru uku bayan ƙarshen yaƙin basasar Amurka. Wani tsohon soja mai suna Ethan Edwards, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Kudu da aka ci da yaƙi, ya dawo gidan ɗan'uwansa Aaron da ke can cikin daji.

Bai daɗe da dawowa ba aka kore shanun wani maƙwabcinsu. Maza suka hau dawaki suka bi sawu, ashe tarko ne mayaƙan ƙabilar Komanci suka ɗana domin su janye su daga gida.

Kafin su komo an ƙone gidan, an kashe Aaron da matarsa Martha da ɗansu, an kuma tafi da 'ya'yansu mata biyu, Lucy da Debbie. Ba da jimawa ba Ethan ya tsinci gawar Lucy. Debbie kuwa, mai shekara takwas, ta ɓace.

Daga nan Ethan ya shiga neman yarinyar tare da Martin Pawley, wani saurayi maraya da iyalin suka riƙa tun yana jariri, wanda ke da jinin ƙabilar Ceroki. Shekara biyar suka yi suna yawo, rani da hunturu.

A nan ne fim ɗin ya kauce wa hanyar da aka saba. Da tafiya ta yi nisa, sai Martin ya gane cewa Ethan ya daina neman Debbie don ya cece ta. Yana nemanta ne ya kashe ta, saboda a ganinsa tunda ta girma a hannun Komanci, har ta zama ɗaya daga cikin matan shugabansu mai suna Scar, to ta ƙazantu, kuma mutuwarta ta fi rayuwarta.

Da suka same ta, Ethan ya zaro bindiga, Martin ya shiga tsakani ya kare ta da jikinsa. Wato dai aikin Martin ya koma tsare yarinyar daga baffanta.

A ƙarshe an kai hari sansanin, Martin ne ya harbe Scar. Ethan ya bi Debbie a kan doki har bakin wani kogo, ya kama ta, ya ɗaga ta sama kamar yadda ya yi mata tana ƙarama, sannan ya rungume ta ya mayar da ita gida.

Hoton ƙarshe na daga cikin waɗanda suka fi shahara a tarihin sinima. Kowa ya shige cikin gida, Ethan ya tsaya shi kaɗai a bakin ƙofa, ya juya ya nufi daji, ƙofar ta rufe.

Jarumin da ba a saba gani ba

Masu sharhi kan fina-finai na ganin cewa darajar fim ɗin tana cikin wannan hali na Ethan. John Wayne ya yi suna ne a matsayin namijin duniya mai gaskiya, amma a nan ya fito a mutumin da ƙiyayya ta cinye wa zuciya.

A wani wuri an nuna shi yana harbe idanun gawar wani Bakomance, saboda ya san a aƙidarsu marar idanu ba zai samu shiga lahira ba. A wani wurin kuma yana ta harbin ɓaunaye ba don nama ba, sai don kada mutanen su samu abin ci a lokacin sanyi.

Shi ma Scar an ba shi dalili. Ya shaida wa Ethan cewa Turawa sun kashe masa 'ya'ya maza biyu, don haka yake ramawa. Kowannensu yana jin harshen ɗan'uwansa, kowannensu kuma ramuwa ce ke jansa.

Har ila yau fim ɗin ya nuna sojojin gwamnatin Amurka sun afka wa wani ƙauyen Komanci sun kashe har da mata. Ya kuma nuna Laurie, budurwar Martin, yarinya mai hankali a idon kowa, tana goyon bayan a kashe Debbie. Saƙon shi ne cewa ƙyamar ba a zuciyar Ethan kaɗai take ba, tana cikin al'ummar baki ɗaya.

Kisan iyalin da cin zarafin Lucy duk ba a nuna su a allo ba. Ƙa'idojin tace fina-finai na Hollywood a wancan zamani suna da tsauri, kuma Ford ya zaɓi ya bar mai kallo ya karanta abin da ya faru a fuskar John Wayne.

A lokacin da ya fita dai fim ɗin bai samu shiga takarar lambar Oscar ko ɗaya ba. Shi kansa Ford, wanda ya ci lambar gwarzon darakta sau huɗu, babu wadda ya samu da fim ɗin kaboyi.

Daga baya ne aka gane darajarsa. A 1989 yana cikin fina-finai 25 na farko da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya zaɓa domin adanawa. A ƙuri'ar masu sharhi da mujallar Sight and Sound ta Birtaniya ke yi duk shekara goma, ya zo na 7 a duniya a 2012, sannan na 15 a 2022. Ana kuma ganin tasirinsa a fina-finai kamar Taxi Driver na 1976 da Star Wars na 1977.

Tushen labarin da kuma suka

An ɗauko fim ɗin ne daga wani littafi da Alan Le May ya wallafa a 1954, kuma marubucin ya yi nazarin labaran yaran da aka sace a Texas a ƙarni na 19.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne na Cynthia Ann Parker, wadda Komanci suka ɗauke a 1836 tana da kimanin shekara tara. Baffanta James Parker ya yi shekaru yana neman danginsa da aka kama a wannan hari.

Ta yi shekara 24 a cikinsu, ta auri wani shugabansu, ta haifi 'ya'ya uku. Da dakarun Texas suka kamo ta a 1860 suka mayar da ita wurin danginta, ta kasa sabawa da su, kuma ba ta sake ganin 'ya'yanta maza ba har ta rasu. Ɗaya daga cikinsu, Quanah Parker, shi ne ya zama fitaccen shugaban Komanci.

Wannan ya nuna cewa a zahiri komawa gida ba ita ce ƙarshen wahala ba, kuma fim ɗin ya tsaya ne daidai inda wahalar Debbie za ta soma.

Akwai kuma sukar da aka daɗe ana yi masa. Wanda ya fito a matsayin Scar, Henry Brandon, Bature ne haifaffen Jamus da aka shafa wa launi. An ɗauki fim ɗin ne a Monument Valley, kan iyakar jihohin Arizona da Utah, ba a Texas ba, kuma 'yan ƙabilar Nabaho mazauna wurin ne suka fito a matsayin Komanci.

Sannan akwai wata mata 'yar ƙabilar da aka mayar abin dariya, har Martin ya shure ta ta gangara. Masu suka na cewa fim ɗin da ke ƙoƙarin tona asirin wariyar launin fata, shi ma bai kuɓuta daga cikinta ba.

'Yan kallo a ƙasar Hausa sun daɗe suna kiran waɗannan mutane Indiyawan daji, suna kuma tafa wa kaboyi idan ya harbo su daga kan doki. Gaskiyar tarihi ita ce su ne masu ƙasar, kuma Turawa ne suka zo suka ƙwace ta. Mutanen da kakanninsu suka ga shigar sojojin Ingila Kano a 1903 na da dalilin sake kallon irin waɗannan fina-finai da wani idon.

Tambayar da fim ɗin ya yi kuwa tana nan a arewacin Najeriya. A watan Afrilun 2014 an sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, a watan Fabrairun 2018 kuma aka kwashe 110 a Dapchi, ban da ɗimbin matan da ake sacewa a ƙauyuka ba tare da an ji sunayensu ba.

Wani rahoto da asusun UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya nuna cewa mata da 'yan matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram na fuskantar ƙyama da tsangwama daga al'ummominsu, haka ma jariran da suka dawo da su. A kowane gida da aka dawo da irin waɗannan yara, za a iya samun mai ra'ayin Ethan da kuma mai ra'ayin Martin.

Yadda ake gyaran tsohon fim

An ɗauki The Searchers ne da wata fasaha mai suna VistaVision, wadda kamfanin Paramount ya ɓullo da ita a 1954.

A kyamarar da aka saba, zaren fim mai faɗin milimita 35 yana tafiya ne daga sama zuwa ƙasa, kowane hoto yana cin ramuka huɗu na gefen zaren. A VistaVision kuwa zaren a kwance yake tafiya, kowane hoto yana cin ramuka takwas. Don haka girman hoton ya ninka na sauran, kuma yana ɗauke da bayanai masu yawa.

Tushen duk wani gyara shi ne asalin zaren da ya fito daga cikin kyamara, wanda masu sana'ar ke kira negatif. Shi ne uwar duk wani kwafi da aka taɓa yi.

Da farko ana duba zaren da hannu, a gyara ramukan da suka yage da wuraren da aka liƙe, sannan a wanke shi. Bayan haka sai wata na'ura ta ɗauki hoton kowane gida ɗaya bayan ɗaya ta zuba a kwamfuta.

Fim na tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Tsawon The Searchers minti 119 ne, wato sama da hotuna 170,000 ke nan da za a bi a cire musu ƙura da karce da tabo.

Babbar matsalar ita ce launi. Negatif mai launi na shekarun 1950 yana da shimfiɗun rini uku, kuma ba tare suke koɗewa ba. Idan guda ta riga sauran dusashewa, sai sararin sama da fatar mutane da ƙasa duk su sauya kama.

Abin da kan ceci masu gyara shi ne, manyan kamfanoni sun saba yin wasu kwafi uku marasa launi na kowane fim, ɗaya na ɗauke da bayanin ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Da yake hoto marar launi ba rini ba ne, ba ya koɗewa, don haka ana iya komawa gare su a cike gurbin abin da ya ɓace.

Aikin dai na da hatsari. Idan aka cika goge hoto da kwamfuta, sai ɗan tsakin da ke jikin fim ya tafi, fuskokin mutane su koma kamar na roba. Idan kuma mai daidaita launi ya bi son ransa, sai ya fito da wani abu dabam.

An ga haka a fim ɗin kaboyin Italiya na Sergio Leone, The Good, the Bad and the Ugly na 1966, wanda gyaran da aka fitar a 2014 ya sha suka saboda hoton ya rine da ruwan ɗorawa, har wani kamfanin ya sake fitar da shi da wani launin a 2021. Shi ma The Searchers, fitowarsa ta 2006 ta jawo muhawara a kan launi.

Abin da ido zai gani

Bambancin da ke tsakanin faifan da aka saba da sabon yana da girma. Hoton faifan VCD, wanda ya yi tashe a kasuwannin Kano a shekarun 2000, ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye. Na DVD 720 ne da 576. Na 4K kuwa 3,840 ne da 2,160, wato ya ninka na VCD kimanin sau 80.

Wannan ba batun ƙawa ba ne kawai, domin Ford mutum ne da ke ɓoye ma'ana a cikin hoto maimakon ya sa a faɗe ta da baki.

Misali, a daren harin, an tura Debbie ta ɓuya kusa da kabarin kakarta. Rubutun da ke jikin dutsen kabarin ya nuna cewa Komanci ne suka kashe matar a 1852. Wato mahaifiyar Ethan ke nan, kuma babu wanda ya ambaci haka a duk tsawon fim ɗin. A dusasshen kaset da wuya a iya karanta rubutun, kuma wanda bai karanta ba ya rasa tushen ƙiyayyar jarumin.

Haka kuma akwai inda Martha ke shafa rigar sojan Ethan a ɓoye, yayin da shugaban dakarun yankin, wanda kuma limamin coci ne, ya kau da kai kamar bai gani ba. Da wannan kaɗai aka nuna cewa akwai tsohuwar soyayya tsakaninta da ɗan'uwan mijinta.

Sai kuma girman fili. Ford kan sanya mahaya su zama 'yan ƙanana a gindin manyan duwatsu jajaye. A tsohuwar talabijin mai kusurwa huɗu ana yanke gefen hoton domin ya cika allo.

Sai dai cin moriyar faifan na buƙatar na'urar da ke karanta shi da talabijin mai irin wannan ƙarfi. Mafi yawan masu kallo a Kano a waya suke kallon fim, kuma idan aka matse fim domin ya shiga waya, kamar yadda masu tura fina-finai ke yi a kasuwar wayoyi ta Farm Centre da sauran wurare, akasarin abin da gyaran ya dawo da shi sake ɓacewa yake yi.

Kaboyin Nijar da Shaihu Umar

A Jamhuriyar Nijar ma an yi fim ɗin kaboyi. A 1966 Moustapha Alassane ya fitar da Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka ɗauki sunayen Turawa suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu.

Zalika Souley da Djingarey Maïga na cikin waɗanda suka fito a fim ɗin, wanda ake yawan ambata a matsayin fim ɗin kaboyi na farko na Afirka. Ya nuna tun a wancan lokaci yadda abin da ake gani a allo ke shiga kan matasa. Alassane ya rasu a 2015, kuma a 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya shirya nuna ayyukansa.

A Najeriya kuwa, misalin da ya fi kusa shi ne Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihun. An ɗauko shi ne daga littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta a farkon shekarun 1930, tun yana malamin makaranta.

Shi ma labari ne na yaron da aka sace da kuma neman da aka yi masa. An ɗauke Umar yana ƙarami a zamanin cinikin bayi, aka ƙetara Sahara da shi. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa cikin bauta, kuma ba su haɗu ba sai dab da rasuwarta.

Inda Ethan ya tafi nema da bindiga da ƙiyayya, ita uwar Umar ta tafi ne ba ta riƙe da komai.

An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓata. A 2016 ne aka gano zarurrukansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, a wani yunƙuri da mai sharhin fim Didi Cheeka ke cikinsa. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ta gyara shi, aka kuma nuna shi a bikin fina-finai na birnin a watan Fabrairun 2018.

Fina-finan kaset

Shaihu Umar ya tsira ne saboda a kan zaren fim aka ɗauke shi, kuma an samu zaren kafin ya gama ruɓewa. Zafi da laima kan sa irin wannan zare ya soma warin tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe. Ko a Amurka, wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki ya fitar a 2013 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar marasa sauti sun ɓace baki ɗaya.

Matsalar fina-finan Kannywood ta fi wannan tsanani. Masana'antar ta soma ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kuma shi da waɗanda suka biyo bayansa, irin su Sangaya da Wasila, duk a kan kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su.

Kaset ba shi da negatif. Abin da kyamara ta naɗa a ranar shi ke nan, babu wani ɓoyayyen bayani da na'ura za ta tono daga baya. Zaren kaset kuma yana yin fumfuna, yana mannewa, hotonsa na raguwa da tsufa.

Na'urorin kunna shi ma suna ƙarewa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyon kaset, ya daina a 2016.

Saboda haka abin da za a iya yi wa waɗannan fina-finai shi ne a nemo asalin kaset ɗin da aka tace fim a kansa, a kwafe shi zuwa kwamfuta ba tare da an matse shi ba, a ajiye a wurare fiye da ɗaya, a kuma rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin da shekarar da aka yi shi.

Akwai wasu yunƙure-yunƙure. A 2017 gidauniyar Scorsese da hukumar UNESCO da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Afirka, FEPACI, sun ƙaddamar da shirin gyara fina-finan Afirka 50. A 2019 kuma aka soma karatun digiri na biyu kan adana fina-finai a Jami'ar Jos, da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus.

To amma fina-finan kaset na Kano ba a wata ma'ajiyar gwamnati aka tara su ba. Mallakar furodusoshi ne da 'yan kasuwar da suka saye su, don haka duk wanda ya tsira yana hannun masu shi ne ko magadansu, a gidaje da shaguna da ofisoshin 'yan fim na titin Gidan Zoo, daura da Gyaɗi-Gyaɗi.

The Searchers ya jira shekara 68 kafin a yi masa wannan gyara, kuma negatif ɗinsa ya jure jiran. Masana harkar adana bidiyo na ƙiyasta cewa kaset kan soma lalacewa ne bayan shekara 10 zuwa 30, gwargwadon inda aka ajiye shi. Turmin Danya ya cika shekara 30 tun a 2020.